Juma'ar da Aka Juya Makarar Sugra

Shekara arba'in da ɗaya Miraj Din ya yi yana sallar Juma'a a Masallacin Kasuwa, can tsakiyar tsohon birnin Lahore, amma da za ka tambayi limamin ko ya san shi, sai ya ce maka wane ne kuma haka. Ba laifin liman ba ne. Masallaci ne mai hawa uku, kuma ran Juma'a duk hawa ukun sai su cika, matakala ta cika, a shimfiɗa tabarmi a layin masu yadi da layin masu tukwane har kusa da bakin titi. A wannan taro wa zai tsaya ya kula da wani ɗan tsamurmurin dattijo mai gyaran keken ɗinki, wanda ko da sabulun duniya ya yi wanka sai ka ga baƙin mai a ƙarƙashin farcensa? Mistiri ake kiransa, yadda muke kiran duk mai gyaran na'ura, a ƙara da "ji" a ƙarshe in ana girmamawa. Rumfarsa kuwa, in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo hanya.

Sallar tasa ma duk inda ta kama shi ne. Wata Juma'ar ya samu ciki ƙarƙashin fanka, wata ya yi sujada a kan matakala goshinsa na gogar dugadugan wani, wata kuma a layi a kan kwali, takalmansa a gabansa don kada a yi gaba da su. An taka masa yatsu, an zubo masa ruwan alwala a wuya daga bene, sau huɗu yana komawa gida ba takalmi. Duk da haka bai taɓa cewa zai sake masallaci ba.

Matarsa Sugra ta fi shi son masallacin, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa taka shi ba. Babu wurin mata a ciki. Tun farko ba a gina shi da shi ba, kuma ba wanda ya taɓa tunanin a yi. Lokacin da suke haya a wani ɗaki a bayan kasuwa, rufin soro take hawa da tiren shinkafa, tana tsinta tana sauraron huɗuba ta lasifika. In ya dawo, kafin ya cire hula ta tare shi.

"Ka ji, yau ina ka samu wuri?"

"A layi."

"Layi kuma? Kai dai Mistiri ji, da za a raba Aljanna da sammako, a bakin ƙofa za ka ƙare. Gawa nawa aka kawo?"

"Uku. Maza biyu, mace ɗaya."

"Allah sarki, ta dace. Mutane sun tsaya mata?"

"Ke ma kin san ba mai tafiya. Har na layi sun tsaya."

Sai ta zuba masa wake da gurasa, ta zauna tana kallonsa yana ci.

Sau biyu Sugra ta haihu, duk biyun sun koma kafin yaye, suna kwance a tsohuwar maƙabarta da ke bayan ganuwa. Daga nan ba ta sake ba. Wata Juma'a tana kan soro ta ji liman yana cewa duk mamacin da Musulmi ɗari suka yi wa salla suna roƙa masa gafara, za a karɓi roƙonsu. Wannan magana ta zauna mata daram a zuciya. Ɗari ma ke nan, ina ga dubu biyar? Ranar ko abinci ba ta bari ya gama ba ta ce:

"Ka ji, ba mu da ɗan da zai ɗaga mana hannu in mun tafi. Abu ɗaya nake roƙonka. Na yarda ban shiga masallacin nan da ƙafata ba. To in na mutu, ka kai ni a kafaɗa, ran Juma'a, jama'ar nan duka su yi min salla."

Miraj ya yi dariya har ya ƙware. "In kika mutu ran Asabar fa? In ajiye ki a randa?"

"Sai in jira. Ni da na saba. Shekara nawa ina jiran ka gyara min keken ɗinkin gidan nan, kana can kana gyara na matan wasu?"

Wasa-wasa aka fara maganar, amma ba ta sake ta ba. Duk shekara sai ta tuna masa, in ta yi zazzaɓi ma sai ta tuna masa.

Ana nan mai gidan da suke haya ya ga ya fi masa riba ya mai da ɗakunan wurin ajiye dilolin yadi, sai ya ba su wata guda su kwashe. Suka haye kogin Ravi, suka koma Shahdara, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida. Daga can ba a jin lasifikar Masallacin Kasuwa ko iska ta juyo. Sana'ar ma ta ja baya, don baƙin keken ƙafa ya zama na tsofaffi, kowa ya koma mai lantarki, in ya lalace a yar a sayi wani. Miraj bai fasa ba, kullum mota biyu yake hawa ya je ya buɗe rumfa, ya zauna yana goge kayan aikinsa. Ita kuma ciwon suga ya sa ta gaba, ya ci idonta, ya gangara ƙoda. Ana saura 'yan kwanaki ta rasu ta laluba ta kamo hannunsa ta ɗora a kanta, ta ce ya rantse. Ya rantse.

Ran Alhamis da hantsi, a tsakiyar zafin watan Yuni, rai ya yi halinsa.

Ƙaninta Inayat, mai sayar da madara, shi ya fara isowa da 'ya'yansa maza biyu. Da ya gama kukansa sai ya ce a yi sauri, a yi mata sutura, a sallace ta a masallacin unguwa bayan La'asar. Miraj ya ce sai gobe. Inayat, wanda yake kiransa Pa ji, wato babban wa, ya ce:

"Gobe? Pa ji, kana jin zafin nan kuwa? Madarata ma ba ta kai azahar ba ta tsinke."

"Na yi mata rantsuwa."

"Rantsuwa! Ai ita ma da ta san Alhamis za ta tafi a wannan wuta, da ta yafe maka. Gawa ba a ajiye ta, kai ma ka sani."

"Kwana ɗaya ne, Inayat. Shekara talatin take roƙona. Kwana ɗaya ne kawai."

Mutumin da bai taɓa yi wa kowa musu ba, wanda ko an rage masa kuɗin gyara sai dai ya ce Allah ya sa albarka, ranar ya kafe. Aka sayo manyan sandunan ƙanƙara huɗu aka jera ƙarƙashin gadon da take kwance, aka kunna fanka. Mata suna karatu suna gunaguni ƙasa-ƙasa. Shi kuma ya hau mota ya haye kogi ya samu Hafiz Yamin, mai kula da masallacin, wanda yake tsaye yana ba masu shara umarni, wayarsa a kunne.

Hafiz Yamin ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ba matsala, Baba ji. Ka kawo ta ta ƙofar gefe kafin kiran farko, sha biyu da rabi. Amma ka ji da kyau, da zarar an shimfiɗa tabarmi an fara sahu, ko gawar gwamna ce ba ta da hanya."

Daga nan ya biya maƙabarta ya nuna wa masu haƙa wuri kusa da yaransa. Kafin gari ya waye an ɗauke wuta sau uku, ƙanƙara ta zama ruwa tana bin tsakar gida, aka sake sayo wata.

Ran Juma'a tun ƙarfe tara an gama komai. An yi mata wanka da kafur, an sa ta a makara, an lulluɓe da koren mayafi, an zuba furanni a kai. Motar ɗaukar gawa da aka ce za ta zo ƙarfe goma, sai sha ɗaya da rabi ta iso, wai ta biya ta sauke wani mamacin. Maza takwas suka shiga. Miraj yana gaba kusa da direba, yana duba agogo yana cewa za a kai, in Allah ya yarda za a kai. Suna hawa gada suka tarar wata babbar motar mangwaro ta mutu a tsakiya, direbanta ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai ake gani. Aka cushe gaba da baya. Direbansu ya kunna jiniya, amma ina, ba wurin da wani zai matsa. A kan gadar nan sha biyu da rabi ta same su, ta wuce.

Ƙarfe ɗaya ta gota suka iso ƙofar birni. Mota ba ta shiga lungunan ciki, direba ya sauke su ya ce yana da wata gawar, ya juya. Suka saɓa makara suka kutsa layin masu yadi da sassarfa. Ba su yi nisa ba suka ci karo da bayan mutane. Sahu ya riga ya cika layin daga bango zuwa bango, liman yana tsakiyar huɗuba. Daga inda suke Miraj yana hango koriyar ƙofar gefe, taku ɗari biyu bai fi ba. Ya sunkuya ya taɓa kafaɗar na ƙarshe, ya ce don Allah a ba su hanya. Mutumin ya ɗora yatsa a leɓe ya nuna lasifika. Wa zai yi magana ana huɗuba? Kuma ko sun so, ina za su matsa?

Suka ajiye ta a inuwar wani rufaffen kanti, suka yi sallarsu a nan kan dandaryar ƙasa. Ana sallamewa lasifika ta ce a tsaya, akwai jana'iza, maza biyu. Duk layin ya miƙe tsaye, ba wanda ya motsa daga wurinsa. Miraj ya miƙe shi ma. Liman ya yi kabbara, dubban mutane suka amsa har sai da Miraj ya ji a ƙirjinsa. Ga taron da take ta mafarki, ga shi ya cika ya batse, amma ita tana bayan sahun ƙarshe, kuma gawar da ke bayan sahu ba ta samu salla ba. Kabbara huɗu, minti biyu bai cika ba. Yana tsaye hawaye na bin gemunsa ya roƙa wa mazan da bai sani ba gafara, matarsa tana kwance a bayan dugadugansa.

Ana sallama ya juyo ya ce wa Inayat, "Ɗauka! Maza ku ɗauka! Liman bai fita ba, akwai masu nafila a ciki, ko dubu ɗaya ne mu samu!"

Suka ɗaga suka nufi masallaci. A daidai lokacin ne jama'a suka ɓalle suka yo waje, kuma a tsakiyarsu ga makarun mazan nan biyu a sama, an fito da su ta wannan layin za a kai su ƙofar birni. Ana ta ɗaga murya, "Kalmar shahada!" jama'a suna amsawa.

To a wurinmu ba a ganin makara a wuce ta. Ko ka san mamaci ko ba ka san shi ba, sai ka sa kafaɗa ka yi taku goma, ka ba na bayanka, ka samu ladarka ka kama gabanka. Haka muka taso muka gani. Mutanen da suka fito daga salla yanzu, zuciya ta yi laushi, suka ga makara ta uku a layi. Me za su ɗauka in ba cewa tare aka fito da su ba? Nan da nan hannuwa suka yi mata caa. Wani ya karɓi kusurwar Inayat, wani ya karɓi ta ɗansa. Wani mai babbar murya ya ce, "Kai, kun juya ta baya! Ƙofar birni can take! Ku juya, kan mamaci ne gaba!" A ɗan filin da layin masu tukwane ya haɗu da na masu yadi aka juya ta.

Miraj ya riƙe sandar makarar da hannu biyu. Wani ƙaton saurayi mai farar riga ya ɓamɓare masa yatsu a hankali, cikin ladabi, ya ce, "Baba ji, ka huta, ka gaji. Bar mu mu ma mu samu lada."

"Ba a yi mata salla ba! Ku tsaya! Ba a yi mata ba!"

Muryar dattijon da bai yi barci ba, bai ci komai ba tun jiya, ina za ta kai a cikin shahadar mutum dubu? Mutum ɗaya ne ya ji shi, wani mai jan gemu, ya rungume shi ya bubbuga bayansa ya ce, "An yi, Baba ji, an yi. Yanzu muka idar, ni ma ina ciki. Allah ya ba ka haƙuri." Ya sake shi ya ruga don ya samu nasa taku goman.

Ni abin da ke ƙona min rai a wannan al'amari, babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Da mugu ne ya yi, da an san wanda za a tsine wa. Kowa alheri ya yi niyya, kowa ya sa kafaɗarsa da zuciya ɗaya, kuma kowane taku goma na alherin nan nisanta ta yake yi daga masallacin. Miraj yana hango koren mayafin yana tafiya a kan kawunan mutane, furanni suna zubowa ana takawa. Ya bi, aka ture shi, takalminsa ɗaya ya cire, bai tsaya nema ba. Inayat yana can wani gefen yana nasa ihun, shi ma ba mai jinsa.

A ƙofar birni aka sa mazan biyu a motocin da ke jiransu za a kai su garuruwansu. Ta ukun ba ta da mota, sai aka ce to ta tsohuwar maƙabarta ce, aka miƙa da ita. Daga nan jama'a suka fara zamewa. Wannan zai buɗe kanti, wancan abinci na jiransa. Masu ɗauka suka ragu daga ɗari zuwa ashirin, daga ashirin zuwa 'yan ƙalilan, har na ƙarshe suka ajiye ta ƙarƙashin wata bishiya a cikin maƙabarta, suka shafa fatiha suka tafi.

Da Miraj ya iso yana ɗingishi, ƙafarsa ɗaya ta yi jini, Inayat da 'ya'yansa biyu da wani tela maƙwabcinsu ne kawai a wurin, sai masu haƙa kabari su biyu. Sauran da suka taho tare sun ɓace a cikin taro. Bai ko zauna ba ya ce:

"Mu mai da ita. La'asar ma ana cika. Ko ɗari biyar za a samu. Mu mai da ita, mu jira a ƙofar gefe."

Inayat, wanda tun jiya yake faɗa, yanzu bai ɗaga murya ba. Ya kamo hannun mijin yayarsa ya jawo shi kusa da makarar, ya ɗan ɗaga gefen mayafin.

"Pa ji, matso. La'asar sai ƙarfe biyar, saura awa uku. Kai ne mijinta. In ka ce mu mai da ita, wallahi zan ɗauka. Amma matso tukuna."

Miraj ya sunkuya. Ƙamshin kafur yana nan, na furanni yana nan, amma a ƙarƙashinsu akwai wani abu da ya fara tashi, kuma ya gane shi. Likkafanin ya yi danshi ta gefe. Sugra ce fa, matar da ko maƙwabciya za ta shigo sai ta sake mayafi, wadda ko a ciwon ajali ba ta yarda wani ya ga shimfiɗarta ba a gyara ba. Ya ga yadda za a ajiye ta a ƙofar masallaci awa uku cikin wannan rana, masu wucewa suna kai gefen rawani hanci. Ya daɗe a sunkuye, hannunsa a kan sandar makarar. Shi ya ajiye ta kwana guda, kuma shi ya kasa kai ta. Baƙin cikin da ya ji a lokacin ya fi na jiya da ta cika.

Ya sauke mayafin, ya gyara shi sosai ta kowane gefe, ya ce, "Ku yi mata."

Babban mai haƙan, wani tsoho da ƙasa ta yi wa fari har gira, shi ya san sallar, don haka shi zai ja. Ya wanke hannu, ya dube su ya ƙirga. Da shi su bakwai ne.

Ya ce, "Sahu uku ake so, ko mutane ba yawa. Uku a gaba, biyu a tsakiya, ɗaya a baya. Baba ji, kai ka tsaya a na bayan. A jana'iza shi ya fi lada."

Inayat da 'ya'yansa suka tsaya gaba. Tela da ɗaya mai haƙan suka tsaya bayansu. Miraj ya ja da baya ya tsaya shi kaɗai a tsakanin kaburbura biyu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Tsohon ya waiwayo, ya faɗi abin da kowane liman yake faɗa, ya ce a daidaita sahu, a haɗa kafaɗa. Miraj ya matsa dama kaɗan yana neman kafaɗar da zai jingina da ita, bai samu ba, ya matsa hagu, nan ma babu kowa. Tsohon ya yi kabbara, muryoyi biyar suka amsa. Miraj ya ɗaga hannu ya buɗe baki, amma tasa ba ta fito ba.